Wai waye maharbi? Rigimar .300 da 7mm a guruf ɗin garinmu

Sani Kolorado: Salamu alaikum jama'a. Wlh tun jiya raina a ɓace yake shi ya sa na kawo maganar nan. Wata takwas ke nan ina tara kuɗi zan ba wani maƙerin bindiga mai lasisi can Kolorado ta Amurka ya haɗa min ta farauta daidai jikina, ƙota daidai tsawon hannuna, madubi da komai, abu ɗaya ya rage shi ne wane harsashi za ta ci, don in ya riga ya yi hancin a kan guda shi ke nan sai dai a sake wani hancin. Biyu ne a raina, .300 Winchester Magnum wadda ta fito 1963, da 7mm Remington Magnum ta 1962. Naman da nake bi sunansa elk, ku ɗauka kamar gwanki amma namijin yana wuce kilo 300, kuma a kan tsauni yake, wani lokaci ba ka samun kusantarsa ƙasa da mita 300. Ita .300 tana jefa ƙwaya mai kusan giram 12 da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa ɗaya. To jiya bayan la'asar a gindin dalbejiyar ƙofar gidan Kawu na nuna masa hoton irin bindigar a waya don ya sa albarka, ya karɓa ya nisanta ta da idonsa ya duba ya duba, ya miƙo min ya ce wannan ai ta sojoji ce, yaran da ke wurin suka kwashe da dariya. Ni maharbi ne, shekara shida ina shiga daji da takarda a aljihuna, ba zan yarda da wannan ƙauyancin ba. Kuma ina nan a kan bakana, ga babban nama daga nesa babu kamar .300.

Kofur Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Sani in ka bi tawa ka ɗauki 7mm. Tokarinta a kafaɗa ya fi sauƙi, kuma wanda bindiga ke toka da ƙarfi yakan fara runtse ido kafin ya ja kunama, daga nan saiti ya tafi. Ƙwayarta siririya ce doguwa, tana yanka iska da kyau. Duk su biyun kuma suna cin hanci da wuri saboda yawan albarushi.

Ɗan Gwaggo: Tsaya Kofur. Maharbi?? Yaya Sani kai ne maharbi?

Sani Kolorado: Eh ni ne. Me ake ce wa mai harbi?

Ɗan Gwaggo: Mai harbi daban maharbi daban wlh. Maharbi gado ne. Kawu a hannun babansa ya karɓa, shi ma a hannun nasa, ya san sawu ya san kashin kowace dabba ya san maganin sarar maciji, kai kuma ka je ka biya dala an ba ka kati. Ko ɗan farauta ba ka kai ba balle maharbi.

Baban Ummi: Kai ma ka rage baki Ɗan Gwaggo, kana magana kamar 'yan farauta ƙasa suke da maharba. Mu da muke fita da rani da karnuka da gora, ana gangi ana kirari, mu ɗari ko fiye, wa ya ce maka ba mu san daji ba? Maharbi shi kaɗai yake laɓewa da dare da fitila a goshi, mu kuwa ido na ganin ido.

Ɗan Gwaggo: Ido na ganin ido kuna dambe a kan zomo ɗaya, a dawo da mutum uku da rotse.

Baban Ummi: Ka faɗi wanda aka rotse bana in ka isa.

Hajiya Ladi: Ni dai tunda an taɓo 'yan farauta, akuyata da karnukanku suka yaga bara a bayan makarantar firamare har yau ba wanda ya zo ya ce min sannu. Tana da ciki fa. A gabana ta ƙarasa, 'ya'ya biyu muka ciro.

Baban Ummi: Hajiya ba namu ba ne, ranar mu muna can wajen Kafin Hausa. Na mutanen Kano ne da suka zo a mota biyu.

Musa Sumaila: To ga shi an fara. Komai ya lalace a Jigawa sai a ce Kano. Mu da muke da dajin Falgore a bayan gida me za mu zo nema a fadamarku, kirinjijiya?

Ɗan Gwaggo: Falgore ɗin da gwamnati ta hana farauta a ciki? Ka tona kanka ke nan.

Musa Sumaila: Kamar yadda aka hana a Baturiya amma kullum ana ganin tsuntsun dinya a kasuwa.

Sani Kolorado: Jama'a don Allah tambayata fa a kan harsashi ce. Kofur na ji batun tokari, na harba su duka biyu a filin gwaji, .300 ta fi duka gaskiya, har sai da kafaɗata ta yi shuɗi, amma maƙerin ya ce in aka ƙara wa bindigar nauyi da roba mai kauri a gindin ƙota abin zai sauka. Abin da ya ja ni shi ne tana ɗaukar ƙwaya mai nauyi har giram 13, in ta haɗu da ƙashin kafaɗa tana wucewa, ba na son dabba ta tafi da rauni ta mutu a inda ba zan gan ta ba. Kuma duk ƙaramin shagon kayan farauta a Amurka za ka same ta. Na so ma in yi .375 H&H wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, ita ce mafi ƙanƙanta da ƙasashe da yawa a Afirka ke yarda a bi ɓauna da ita, amma ta yi wa elk yawa kuma tana saurin sauka in nisa ya yi nisa.

Malam Ustaz: Sani ka san ma'anar magnum ɗin da kake ta maimaitawa? Kalmar Latin ce, babba take nufi, kuma a Turai kwalbar giya mai lita ɗaya da rabi haka ake kiranta. Ni ba zan so ɗan Musulmi yana alfahari da wannan suna ba.

Kofur Mai Ritaya: Haba Malam, suna ne kawai na kwanso mai cin albarushi da yawa.

Malam Ustaz: Na dai faɗa. Sannan daga mita 300 kafin ka sauko tsauni ka isa dabbar ai ta daɗe da mutuwa, wa ya yanka?

Sani Kolorado: Ina bisimilla kafin in harba Malam, in na tarar da rai in yanka.

Musa Sumaila: Malam ai a Suratul Ma'ida an halatta abin da kare mai horo ya kama in an ambaci sunan Allah, ku bar wannan ku koma kan ƙauyanci da ya ce, ni shi ne ya tsaya min. Su waye ƙauyawan Sani? Uwarka da ubanka?

Sani Kolorado: Musa ka iya bakinka, kar ka sa iyayena. Dariyar yaran nake nufi.

Ɗan Gwaggo: A'a Kawu kake nufi, kowa ya karanta. Mutumin da ya goya ka a kekensa ya kai ka asibiti Haɗeja lokacin da kunama ta harbe ka.

Hajiya Ladi: Gaskiya Sani kalmar ta yi nauyi ɗana. Ko babu komai ka girme su da sanin boko, su kuma sun girme ka da shekaru.

Baban Ummi: Ni abin da ya fi ƙona min rai, kai kana can kana zaɓen harsashi kamar mai zaɓen shadda, 'yan uwanmu mafarauta 16 aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris 2025 suna hanyar dawowa gida sallah, saboda an gan su da bindigar toka. Wasunsu 'yan Torankawa ne a Bunkure. Su ne ƙauyawan?

Musa Sumaila: Allah ya jiƙansu. A nan kam ina bayanka Baban Ummi.

Sani Kolorado: Amin. Wlh ranar ban yi barci ba, kar ku haɗa ni da wannan, ban raina mai bindigar toka ba.

Kofur Mai Ritaya: Bari in faɗi abin da na sani daga aiki don Kawu bai yi kuskure ba. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku. Ta toka kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Ta farauta irin mai baki biyu da raifil na wasanni, Sufeto Janar. Sannan akwai waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, a ciki an rubuta raifil masu awon 7.62mm da 9mm da .300 da .303, an kira su na soja. Ka ga .300 ɗinka da sunanta take a jerin. To da Kawu ya ce ta sojoji ce me ya faɗa ba daidai ba?

Sani Kolorado: Ai ban ce zan kawo ta Najeriya ba Kofur! Can za ta zauna a akwatin ƙarfe a kulle.

Ɗan Gwaggo: To maharbin wane gari ne kai, wanda bindigarsa ba ta taɓa ganin dajin garinsu ba?

Garba Admin: Na je na karanta wa Baba, wato Kawu, duk abin da aka rubuta, yana kan buzunsa yana goge adakarsa da man gyaɗa da tsumma. Ya ce in faɗa wa Sani shi bai yi dariya ba. Ya ce gwankin ƙarshe da ya harba taku ashirin ne tsakaninsu, tun hantsi yake rarrafe, yana ɗibar ƙura yana saki don ya ga inda iska ta nufa, har yana jin ƙarar haƙorinsa a kan ciyawa, kuma ɗuri ɗaya ne a bindigar in ya kuskure shi ke nan. Ya ce abin da ya so ya tambaye ka kafin ka tashi cikin fushi shi ne, daga wannan nisan naman yana sanin kana wurin?

Sani Kolorado: Ba ya sani yaya. Amma ku ma ba ku san wahalar hawan dutse cikin ƙanƙara da asuba ba, da lissafin iska, da ɗauko nama a baya sawu huɗu.

Baban Ummi: Mu ma ba a tambaye mu tamu wahalar ba, an dai ce muna dambe a kan zomo. Ɗan Gwaggo ina jiran sunan wanda aka rotse.

Hajiya Ladi: Ni kuma ina jiran kuɗin akuyata.

Garba Admin: To ya isa haka, zan rufe guruf. Ga yadda aka tsaya. Kusan kowa ya yarda maharbi gado ne ba a sayensa, don haka Sani mai sha'awar farauta ne, kuma babu laifi a wannan. Kofur da ya san aikin ya tabbatar maganar Baba gaskiya ce .300 ta soja ce, ya kuma ce 7mm ta fi, don haka batun harsashi ya ƙare a kan 7mm. Kalmar ƙauyanci Sani ya janye ta a gaban wanda ya faɗa wa, ba a nan ba. Batun akuya Hajiya da Baban Ummi ku je wajen mai unguwa. Musa ka goge abin da ka rubuta a kan iyaye. Sani, Baba yana gida gobe bayan sallar Juma'a, ka zo da goro fari, kuma ka taho da wayar ya ce yana son ganin hoton dabbar. Zan buɗe guruf bayan asuba.