Littafi da intanet wajen koyon Japananci: yaya ake haɗa su?

Ɗalibin Samaru:
Assalamu alaikum. Ina karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma burina shi ne in nemi tallafin karatu na gwamnatin Japan, wato MEXT, wanda ake nema ta ofishin jakadancinsu da ke Abuja. Na samu aron juzu'i na farko na littafin koyon Japananci mai suna Genki, sai dai wayata cike take da manhajoji da bidiyoyin YouTube, kowanne da inda ya dosa. Idan na bi bidiyo, littafin sai ya kwana a rufe; idan na koma littafi kuma, ba na jin yadda ake furta kalmomin. Wace shawara za ku ba ni?

Malama daga Kongo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Taura biyu ba ta taunuwa, don haka ka bar littafin ya ja ragama, intanet kuma ta yi masa hidima. Genki na farko darussa 12 ne da aka jera bisa tsari, kuma daga darasi na uku ba ya ƙara rubuta Japananci da haruffan boko, saboda haka dole ne tun farko ka haddace haruffan hiragana 46 da na katakana 46, kana rubuta su da biro a takarda, ba da yatsa a kan waya kaɗai ba. Bayan haka, duk abin da za ka nema a intanet ya zama na darasin da kake kai ne: idan littafin yana bayanin bambancin ƙananan kalmomin nahawu "ni" da "de", bidiyon wannan kaɗai za ka kalla. Manhajar Anki, wadda ke dawo maka da kalma daidai lokacin da kake dab da mantawa da ita, kyauta ce a wayoyin Android, amma kada ka loda mata dubban kalmomin da wani ya tara. Kalmomin darasinka sun ishe ka.

Wani daga Sabon Gari:
Malama ta yi gaskiya, amma da ɗan gyara. An tsara Genki ne domin aji, shi ya sa yawancin atisayensa na mutum biyu ne, kuma mai karatu shi kaɗai yakan tsallake su. Ka duba littafin Irodori, wanda gidauniyar Japan Foundation ta fitar kyauta a shekarar 2020 tare da sautinsa. Ka sauke shi lokacin da sabis ke da ƙarfi, ka kai darasi ɗaya ko biyu shagon kwamfuta a Samaru a buga maka, ka ga ko an ɗauke wuta ko data ta ƙare, karatu bai tsaya ba.

Batun sautin nan kada ka yi wasa da shi, domin a nan ne Bahaushe ya fi Bature sa'a. Wasulan Japanawa biyar ne kamar namu, kuma suna bambanta dogon wasali da gajere: "obasan" goggo ce ko inna, "obaasan" kuwa kaka ce, kamar yadda kunnenmu ke raba garin Zariya da garin tuwo. Suna kuma ninka baƙi, sannan hawa da saukar murya na sauya ma'anar kalma. Littafin da aka rubuta wa masu jin Turanci ba zai gaya maka cewa ka riga ka saba da waɗannan ba, sai ka saurara ka maimaita da ƙarfi.

Ɗalibin Samaru:
Na gode ƙwarai. To, kanji fa, wato haruffan da suka aro daga rubutun Sinanci? Na ji an ce haruffa 2,136 ne ake amfani da su yau da kullum.

Malama daga Kongo:
Haka ne, amma yaran Japan ma shekaru suke ɗauka a makaranta kafin su kammala su. Matakin farko na jarrabawar gwada ƙwarewa a Japananci (JLPT), wato N5, kaɗan daga cikinsu yake buƙata. Ka bi waɗanda Genki ke kawowa daga darasi na uku, idan wani ya shige maka duhu ka duba tsarin rubuta shi a ƙamus ɗin Jisho na intanet.