Haddar salon maganar Turanci kan karatu: tana da amfani ko ɓata lokaci ce?

Ɗaliba daga Gusau:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da waɗanda suka riga ni bin wannan hanya. Na kammala digirin farko, kuma nan da wata biyu zan zana jarrabawar IELTS, wadda ake gwada ƙwarewar Turanci da ita, domin neman gurbin digiri na biyu a Ingila. Da aka gaya mini cewa batun makaranta yana cikin abubuwan da aka fi tambaya a sashen magana, sai na sayi littafin rubutu na cika shi da salon maganar Turanci irin su "burn the midnight oil" (raba dare ana karatu) da "hit the books" (duƙufa kan karatu) da "pass with flying colours" (cin jarrabawa da babban sakamako). Na haddace su tsaf, amma idan na zo magana, ko dai su ɓace mini, ko kuwa su fito a inda bai dace ba.

Abin da ya fi karya mini gwiwa shi ne abin da ya faru makon jiya. Ina gwajin magana ta intanet da wata malama Baturiya, sai na ce mata "I passed out from the university", ina nufin na gama jami'a. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta tambaye ni ko an kai ni asibiti. Shin wannan haddar da nake yi tana da amfani kuwa, ko akwai inda ya fi dacewa in sa ƙarfina?

Tsohon Malamin Turanci:

Wa alaikis salam, 'yata. Kada abin ya dame ki, domin kuskuren nan ba daga gare ki ya fara ba. A bakin yawancin Turawa, "pass out" suma ce. Ma'anar kammalawa ta taƙaita ne ga horon soja da na 'yan sanda, kuma daga can muka samo faretin yaye masu yi wa ƙasa hidima, har muka yalwata kalmar ta mamaye kowace makaranta. Abin da malamar take jira ki ce shi ne "I graduated".

Ki lura cewa ba wani salon magana mai ƙawa ne ya kayar da ke ba, kalmomi biyu ne da kike ganin kin san su tun firamare. Na shafe shekaru ina duba takardun ɗalibai, kuma can ne maki yake zubewa. Ɗauki kalmar "karatu". A Hausa ita kaɗai ta isa ga wanda yake duba jarida, da wanda yake shirin jarrabawa, da wanda yake neman ilimi a Masar. Turanci kuwa ya raba aikin gida uku: "read" ga bin rubutu da ido, "study" ga zaman da ake yi domin a fahimta, "learn" ga abin da ya shiga kai ya zauna. Ɗalibin da ya ce "I am reading" alhali yana shirin jarrabawa, Bature zai iya zaton littafin labari ne a hannunsa. Mutumin Ingila zai ce "I am revising", wato yana bita.

Haka ma jarrabawar kanta. Mu muna zana ta ko mu rubuta ta, sannan mu ci ko mu faɗi. Mutanen Ingila suna cewa "sit an exam", na Amurka kuma "take an exam". Namu "write an exam" ba laifi ba ne a Najeriya, kuma ana jin sa a Kanada da Indiya da Afirka ta Kudu, amma a Landan wani zai ɗauka ke ce kika tsara tambayoyin.

Waɗanda kika haddace kuwa, za su fi zama idan kin san tushensu. "Midnight oil" man fitila ne, daga zamanin da babu lantarki, kuma duk wanda ya taɓa bita a gaban aci-balbal har hancinsa ya yi baƙi ba ya bukatar a fassara masa. "Colours" a nan ba launuka ba ne, tutocin jirgin ruwa ne da ya dawo tasha da nasara bai sauke su ba. Saboda haka ba a faɗarsa ga wanda ya tsallake da kyar.

Baƙo a Amurka:

Malam ya gama magana, sai dai in ƙara wani gefe da ni ma ya ba ni wahala. Ko bayan kin gyara Turancinki, 'yar'uwa, sai kin san na wace ƙasa kike yi, domin kalmomin makaranta suna cikin waɗanda Ingila da Amurka suka fi saɓani a kansu.

A makona na farko a nan, na tambayi wani ma'aikaci inda "faculty" ɗinmu take, ina nufin ginin tsangaya kamar yadda muke faɗa a gida. Ya ce mini galibinsu suna taro a hawa na biyu. Ashe a nan kalmar malaman jami'a take nufi, ba gini ko rukunin sassa ba. "Professor" ma haka: a wajenmu da Ingila muƙami ne da ake kaiwa bayan doguwar hidima, a nan kuwa ɗalibai suna kiran kusan duk mai koyar da su da shi. "Revise" ɗin da Malam ya ambata, a Amurka gyaran rubutu yake nufi, bita kuwa "review" ce. Mai sa ido a ɗakin jarrabawa "invigilator" ne a Ingila, "proctor" a Amurka.

Wanda ya fi ban mamaki shi ne "public school". A Amurka makarantar gwamnati ce, a Ingila kuwa tsofaffin makarantun kuɗi ne masu tsada irin su Eton da Harrow. Tunda Ingila kika nufa, idan za ki ce kin yi makarantar gwamnati, "state school" za ki ce. Ki kuma sani cewa kundin da za ki rubuta a ƙarshen digiri na biyu, a can an fi kiransa "dissertation", a bar "thesis" ga digirin digirgir, alhali a Amurka akasin haka ne. Sannan ki ajiye "carry-over" a gida, domin ba za a gane ba. "Resit" ko "retake" suke cewa ga darasin da aka faɗi aka sake zanawa.

Malamar Sakandare:

Ina tare da Malam a mafi yawan abin da ya faɗa, amma da izininsa ba zan so a fahimci cewa salon magana ba shi da muhimmanci ba, musamman ga ƙananan ɗalibai da za su karanta wannan. Takardar Turanci ta WAEC da ta NECO, da darasin Turanci da JAMB ta wajabta wa kowa, duk suna kawo jimloli masu salon magana su ce a zaɓi fassarar da ta fi dacewa. Yaron da bai taɓa jin "draw a blank" ba, zai zaɓi amsar da ta shafi zane, alhali ana nufin mutum ya nemi abu a kansa ya rasa. A irin wannan jarrabawa ganewa ake nema, kuma littafinki zai yi aiki.

IELTS kuwa amfani ake nema, kuma ganewa daban, amfani daban. Sashen magana bai wuce minti 11 zuwa 14 ba, kuma mai jarrabawa yana sauraron ko kalmomin suna zuwa da kansu ko ana jawo su da ƙarfi. Ɗalibar da ta jera uku a jimla guda an san hadda ta kawo. A sashen rubutu ma gara ki guje musu, domin "hit the books" maganar abokai ce, ba ta maƙala ba.

Abin da nake sa ɗalibaina su ba wa ƙarfi shi ne ƙananan aikatau masu tafiya da wata 'yar kalma a bayansu, waɗanda Turawa ba sa wuni ba su faɗa ba: "hand in" ga miƙa aiki, "fall behind" ga wanda aka bari a baya, "catch up" ga wanda ya kamo sauran, "drop out" ga wanda ya bar makaranta bai gama ba. Kada ki rubuta kalma da fassararta kawai. Ki sa kowace a jimlar da ta shafi rayuwarki, misali yadda yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, ya mayar da ku baya, sannan ki faɗe ta da baki har sau da yawa.

Ɗaliba daga Gusau:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura tambaya ɗaya, Baba Malam. Idan aka ce in yi bayanin wani malami da ya yi mini tasiri, malaminmu na makarantar allo nake so in kawo. Wace kalma ce ta dace da hadda? A jami'a mun saba cewa "cram".

Tsohon Malamin Turanci:

A'a, 'yata, kada ki kusanci "cram" a wannan wuri. Ita cusa karatu ce a daren jarrabawa, wanda ake zubarwa a takarda a manta kafin la'asar. "Learn by rote" ma tana ɗauke da suka, domin tana nuna maimaitawa babu fahimta. Ki ce "memorise" ko "learn by heart", su ne suke da mutuncin da ya dace da hadda, tilawa kuma "recite". Allon kansa ki kira shi "wooden slate", sannan ki yi bayani da kalmomi masu sauƙi yadda ake rubuta shi da alƙalamin kara da tawada, a wanke idan an biya, a sake rubuta na gaba. Za a ba ki minti ɗaya ki shirya, ki yi magana har zuwa minti biyu, kuma mai jarrabawar da ya wuni yana jin labarin man fitilar tsakar dare zai fi sauraron wannan.