Launi a gajeren fim ɗin zane: me ya sa macijin Kusugu bai tsorata kowa ba?

Ɗan Kusugu, Daura:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar fim ɗin zane, wanda aka fi sani da katun. Wata huɗu ke nan ina aikin wani gajeren fim na minti 3 a kan daren da Bayajidda ya kashe macijin rijiyar Kusugu. Da manhajar Krita nake zanawa, zane 12 a kowace daƙiƙa, wato zane 2,160 idan aikin ya kammala, kuma na ci fiye da rabi. Da na nuna wa ƙannena abin da ya samu, lokacin da maciji ya fasa kai daga cikin rijiya babu wanda ya razana, autarmu ma cewa ta yi macijin yana da kyau. Na yi shi kore shar da ɗigon rawaya, rigar Bayajidda ja, sama shuɗiya, ganuwa kuma ruwan goro. Ina kuskuren yake, kuma yaya ake sa launi ya ɗauki tsoro ko sauƙin rai ba tare da an faɗa da baki ba?

Malamin Zane, Katsina:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa aikin albarka. Kuskuren shi ne ka ba kowane abu launinsa mafi ƙarfi a lokaci guda, don haka idon mai kallo bai san inda zai tsaya ba, kamar taron da kowa ke magana da ƙarfi har ba a jin kowa.

Kafin ka sake taɓa fenti, ka tambayi kanka abin da fim ɗin yake magana a kai. Minti 3 ba ya ɗaukar tarihin Bayajidda tun daga Bagadaza zuwa Borno da Gaya, buƙata ɗaya kawai yake ɗauka. A ganina buƙatar nan ita ce ƙishirwa: gari ne da ba a ɗiban ruwa a rijiyarsa sai ranar Juma'a. Idan ka yarda da haka, to launin da ya kamata ka hana mai kallo gani shi ne launin ruwa. Ka fara da irin hasken hunturu, lokacin da hazo ke dusashe komai, ƙasa da katanga da tufafi duk su koma ruwan ƙasa da ruwan toka. Kada shuɗi mai haske ko kore ya bayyana ko sau ɗaya, har sai guga ya fito daga rijiya da safe. A lokacin ne ido zai ji sanyin da maƙogwaro ke ji, domin shi ma ya daɗe yana jira.

Akwai dabarar da manyan ɗakunan wannan sana'a irin su Pixar a Amurka suke bi: ana zana ƙananan akwatuna a jere, kowanne yana wakiltar fitowa ɗaya, a cika su da launi kawai ba tare da fuska ko ado ba. Ka yi guda goma sha biyu a takarda ɗaya. Idan wanda bai san labarin ba ya dubi jerin ya nuna maka inda abin ya yi tsanani da inda aka samu sauƙi, to ka kama hanya. Aikin yini ɗaya ne, kuma da ka fara da shi da ya rage maka wahalar watanni.

Uwar Ɗalibai, Katsina:

Na yarda da Malam a kan ɓoye launin ruwa, amma ina da ƙari a kan jar rigar. Darussan da ake samu a intanet suna cewa ja haɗari ne ko fushi, sai dai yaron da ya tashi yana kallon hawan sallah a Daura ko Katsina, idan ya ga ja da kore a jikin mutum, dogari yake tunawa, wato fada da sarauta. Bayajidda kuwa a wannan dare baƙo ne da ya sauka a gidan tsohuwa Ayana yana neman ruwa, bai zama kowa ba tukuna. Da ni ce, da na sa masa tufa mai ƙurar tafiya, na ajiye ja sai an kai ga fadar Daurama. Haka ma fari yana da fuska biyu a wurinmu: shi ne na rigar Juma'a da farin ciki, shi ne kuma na likkafani, abin da ke kewaye da shi ne ke nuna wanda ake nufi.

Game da macijin, ɗana, ka tuna yadda kakanninmu ke ba da tatsuniya da dare. Ba su cika siffanta Dodo ba, muryarsu kawai suke sauyawa, yaro ya ƙarasa sauran a ransa. Kai kuwa ka nuna macijin gaba ɗaya, da ado a jikinsa. Ka bar idanu biyu da ɗan ƙyallin saɓa a bakin rijiya, sauran jikin ya ɓace cikin duhu.

Mai Kwamfuta, Daura:

Ina da ɗan ja da maganar duhun, Hajiya, tare da girmamawa. Yawancin masu kallon fim ɗin nan a waya za su gan shi, wasu ma a tsakar gida da rana, bayan WhatsApp ya matse bidiyon. Baƙi ƙirin yana farfashewa ya zama dabbare-dabbare idan an matse shi, kuma fuskar mutum mai duhun fata tana nutsewa a cikinsa. Ya fi kyau a yi daren da launin baba, irin na turkuɗi, sannan a ja siririn haske a gefen fuska da kafaɗa kamar na farin wata, domin siffar mutum ta rabu da bango. Idan tsohuwar tana riƙe da fitilar aci-bal-bal, hasken nan mai ruwan goro zai zama wurin aminci, kuma duk takun da Bayajidda ya yi yana nisantarsa tsoro zai ƙaru da kansa.

Wani gwaji mai sauƙi, ɗan'uwa: ka cire launi duka a Krita, ka dubi hoton a fari da baƙi. Ina zaton za ka tarar koren macijinka da jar rigar sun zama toka kusan iri ɗaya, abin da ke nufin hasken da ke jikinsu ɗaya ne ko da launinsu ya bambanta.

Ɗan Kusugu, Daura:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin fari da baƙi a daren jiya, kuma haka ne, da ƙyar na bambance maciji da bakin rijiya. Da yake fentin yana kan shimfiɗarsa dabam da ta layukan zanen a manhajar, ba sai na sake zane ba, launi kawai zan sauya. Abin da ya rage mini shi ne takalmin da Bayajidda ya bari a bakin rijiya, wanda da shi aka gane shi washegari. Ina tunanin in bar shi ja shi kaɗai a duk fim ɗin har zuwa fitowar fada, ko Hajiya tana ganin hakan zai ɓata abin da ta faɗa?