Kwaku ya karɓi shahada a Suame, ku kawo baitoci

Masta Garba, Suame Magazin

Assalamu alaikum. Yarona na gareji a nan Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, Kwaku, ya yi wanka ya karɓi kalmar shahada ranar Juma'a a hannun limamin masallacin layinmu. Yana jin Hausa sarai, amma bai taɓa zama gaban allo ba, ni kuwa kun san karatuna bai wuce na salla ba. Abin da aka rera masa ya fi zama a kansa. Ku taimaka mana da baitoci, amsa-amo "wa".

Da sunan Allah nake farawa,
Mai rahama, Sarkin da ba ya gazawa.

Salati ga Ahmadu ɗan Amina,
Wanda a kansa aka rufe aikowa.

Malamai ku fito, ga baƙo a ƙofa,
Yaron da ke kwance inji yana ɗaurawa.

Ya ce: Masta, na shaida, to me ya saura?
Na yi tsuru-tsuru, na kasa amsawa.

Malam Sani, Aboabo

Wa alaikumus salam. Allah ya tabbatar da dugadugansa. Masta, tambayar nan an riga an yi wa wanda ya fi mu, amsar tana cikin hadisin da Sayyidina Umar ya ruwaito.

Wata rana Manzo na zaune da sahabbai,
Sai ga mai fararen tufafi yana tahowa.

Gashi baƙi wuluk, ba ƙurar tafiya,
Kuma duk cikinsu babu mai ganewa.

Ya haɗa gwiwa da gwiwar Manzon Allah,
Ya tambayi Musulunci, Umaru na saurarawa.

Aka ce: shahada, salla, zakka, azumi,
Da hajji ga wanda ke da ikon zuwa.

Ya tambayi imani, aka ce: Allah, mala'iku,
Littattafai, manzanni, ranar tsayuwa,

Da ƙaddara, mai daɗi da mai ɗaci,
Shida ke nan, ba guda da ake cirewa.

Ihsani: ka bauta wa Allah kamar kana ganin Sa,
In ba ka ganin Sa, gare Shi ba ka ɓoyuwa.

Da baƙo ya tafi Manzo ya ce Jibrilu ne,
Ya zo ne addininku yana koyarwa.

Ɗan Alabar

Malam ka yi daidai, amma ka taƙaita,
Ga sauran aiki da ba a jinkirtawa.

Sunan Kwaku ya tafi, a raɗa masa Usmanu,
Gobe a yanka rago a yi rabawa.

Ya haddace farillan alwala da sunnoni,
Ƙabli da ba'adi ya zam yana rerawa.

Ya ɗage wando, ya saki gemu,
Gidan uwarsa ya fara ƙauracewa.

Coci take zuwa, tukunyarta da shakka,
Ya komo Zango, wurin kwana ba ya ƙarewa.

Inna Mai Koko, Asawase

Kai ɗan nan, wa ya aike ka? Bari in ajiye ludayi. Ni ƙwar huɗu na iya, ku yi haƙuri da ni.

Ɗan Alabar, don Allah sassauta,
Yaro shekaranjiya ya furta,
Yau ka zo da kaya ka tsananta,
So kake ya gudu ba juyowa?

Manzo ya aiki Mu'azu gare su,
Mutanen Yaman, ya ce ka kira su
Zuwa ga shahada, in sun bi, sanar da su
Salla biyar dare da rana ake tsayawa.

In sun riƙe wannan ka ƙara musu,
Akwai zakka a dukiyar mawadatansu,
A karɓa a mayar wa matalautansu,
Ɗaya bayan ɗaya aka yi shiryarwa.

Garba, ran da yaron nan ya zo gareji,
Sifana ka ba shi ko ka ba shi inji?
Wanke noti ya fara, yana gani yana ji,
Yau ga shi gingimari yake kwancewa.

Batun uwa kuwa ka taɓo mini rai,
Wata tara ta ɗauka, ta sha wuya sarai,
Don ta je coci ba ta zama bare ba, kai!
Haƙƙinta na nan, shahada ba ta gogewa.

Asma'u 'yar Siddiƙu ta yi tambaya:
Uwata ba ta musulunta ba, ga ta a hanya,
Ta zo Madina gare ni, in juya mata baya?
Manzo ya ce ta sada zumunci, ba yankewa.

Ya ci sakwarar uwarsa da miyar kifi,
Alade, giya, jini, mushe, su ne laifi,
Ya gaya mata da ladabi, ban da ƙarfi,
Uwa ce, tukunya ta biyu ba ta wuyar ɗorawa.

Ka je ka buɗe Suratu Luƙman, aya ta 15. Ko iyaye sun matsa wa ɗa ya yi shirka, cewa aka yi kada ya bi su a wannan, amma ya zauna da su a duniya da kyautatawa. Mu da muke zaune gida ɗaya da Asantawa, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya, mu ne za mu koya wa yaro gudun uwarsa?

Malam Sani, Aboabo

Inna ta gama da wannan. Saura suna.

Umaru da sunansa ya shigo, haka Hamza,
Ba a ce su sake ba ranar shaidawa.

Wanda Manzo ya sauya mai mummunar ma'ana ne,
Ko mai bautar wanin Allah yake nunawa.

Mu da ke da Ɗanladi, Ɗanjuma, Balarabe,
Ina bakin zargin sunan rana na Asantawa?

In yana son Usmanu ya ƙara, madalla,
Zaɓinsa ne, ba abin tilastawa.

Malama Rabi, Tafo

Kun yi ta uwa da ciki da tukunya, kun bar abin da za ta fara tambaya in ya koma gida.

Tun da 'yar coci ce, ku ba shi wannan,
Za ta tsare shi a kan Isa, ba makawa.

Ba mu zagin Isa, mai zaginsa ya bar addini,
Manzon Allah ne, ɗan Maryamu mai kamewa.

Ba shi da uba, Allah ya ce kasance,
Ya yi magana tun yana zanin goyawa.

Ya warkar da makaho, ya warkar da kuturu,
Matattu da izinin Allah yake rayarwa.

Ga inda muka rabu: Allah ɗaya ne, bai haifa ba,
Ba a haife Shi ba, ba wanda ake kwatantawa.

Isa bawa ne, Musa bawa, Muhammadu bawa,
Duk mun yarda da su, ba ma rarrabewa.

Sura guda sunan Maryamu take ɗauke,
Ka kai wa tsohuwa fassararta, ba don musawa.

Sura ta 19 ce cikin surori 114. A samo masa mai fassara.

Ɗan Alabar

Inna, na sha ludayi a ka, na gode. Amma ba duka zan saki ba.

Na karɓi ta suna, na karɓi ta uwa,
Amma salla ba ta cikin abin ɗagawa.

Tun ran da ya furta ta hau wuyansa,
Raka'a sha bakwai kullum, ba ragewa.

Asuba biyu, Azahar huɗu, La'asar huɗu,
Magariba uku, Isha huɗu, sai kwantawa.

Hamsin aka fara a daren Mi'iraji,
Ta dawo biyar, ladan hamsin ake rubutawa.

A hadisin Mu'azun da Inna ta kawo,
Bayan shahada wace ce ke biyowa?

Masta Garba, Suame Magazin

Na karanta masa duka a gindin wata tifa. Ya yi dariya a wurin sakwara, ya yi shiru a wurin Maryamu. Ɗan Alabar, sallar ma ita ce damuwarsa. Ga tambayarsa, ni na ɗan daidaita masa ƙafa.

Malam, hannuna baƙin mai ne har cikin farce,
Rigar aikina giris ba ya wankuwa.

Ladan ya kira Azahar ina ƙarƙashin mota,
Haka zan shiga sahu, ko akwai hanawa?

Fatiha kuma harshena bai kama ba,
In na bi liman, me zan riƙa karantawa?

Malam Sani, Aboabo

Tambaya ke nan ta mai niyyar yi. Kwaku, matso kusa.

Baƙin mai datti ne, ba najasa ba ne,
Fitsari, bayan gida, jini mai yawa ake gujewa.

Rigar aiki in ba najasa ta yi salla,
Amma ka tausaya wa tabarmar da ake shimfiɗawa.

Ka rataye riga mai tsabta a ƙusar shago,
In an yi kira, nan da nan kake sauyawa.

Abin lura shi ne mai tare ruwa daga fata,
Giris mai kauri, ko fenti bayan bushewa.

Ka sa sabulu da yashi ka kankare su,
Launin da ya saura a tafi ba ya cutarwa.

Ka yi niyya, wanke hannu, kurkure baki,
Ka shaƙa ka face, fuska ka bi da wankewa.

Hannuwa har gwiwa, shafar kai da kunne,
Ƙafafu har idon sawu, kana cuɗawa.

Kada ka bar gaɓa ta bushe ka tafi hira,
A jere ake yi, haka muka koya gun Malikawa.

Batun Fatiha, bi liman, ya ɗauke maka,
Kabbarar farko da sallama kai ke furtawa.

In ya sunkuya ka sunkuya, in ya ɗago ka ɗago,
Kada ka riga shi, bayansa kake biyowa.

Ayoyi bakwai ne, ɗauki guda kowace rana,
Kafin Juma'a ta zagayo ka gama haɗawa.

Ran da kake kai kaɗai ka fuskanci Ka'aba,
Daga Kumasi gabas ce, ka ɗan karkata arewa.

Ɗan Tafo Direba

Ni ba malami ba ne, amma na yi azumi a kan sitiyari, na san na mai aikin ƙarfi.

Azumi wata guda ne in Ramadan ya kama,
Daga alfijir har rana ta kai ga faɗuwa.

Ba ci, ba sha, ba kusantar iyali,
Mara lafiya da matafiyi suna ramawa.

A nan Kumasi awa sha uku da 'yan kai ne,
Rani da damina ba wani bambantawa.

Ka yi mai nauyi da safe kafin rana ta take,
Kokon Inna da ƙosai na jiranka a shan ruwa.

Hajji sau ɗaya ne, kuma sai ga mai hali,
Kakanni da ƙafa suka bi ta Sudan suna ratsawa.

Shekaru suke yi, mu yau jirgi daga Tamale,
Ko daga Akra, kwana ɗaya ana isowa.

Alhaji Mai Atamfa, Kejetia

Zakka ku bar mini, nan ne fagena.

Kwaku, zakka ba ta hau kanka ba tukuna,
Ɗan koyo kuɗin abinci yake samowa.

Sai ka mallaki nisabi ya shekara a hannu,
Sannan ɗaya cikin arba'in kake fitarwa.

Nisabi dinari ashirin ne na zinariya,
Malamai ke mai da shi sidi suna sanarwa.

Mu 'yan kasuwa ba kuɗin aljihu kaɗai ba,
Har atamfar da ke kanta muke ƙimantawa.

Dinari 20 ɗin nan kimanin giram 85 ne na zinariya. Wanda ya kai, sidi 25 zai cire a kowace 1,000. Ba kuma kowa ake miƙa wa ba, mutum kashi takwas ne, suna nan a Suratut Tauba, aya ta 60: faƙirai, miskinai, masu aikin tara ta, bayi, masu bashi, tafarkin Allah, da matafiyin da guzuri ya yanke masa.

Inna Mai Koko, Asawase

Alhaji, ka ce takwas, ni bakwai na ƙirga a yatsuna.

Ka kawo aya ka bar mana sashi,
Na huɗu cikin takwas, ka manta da shi?
Wanda ake lallashin zuciyarsa, a ba shi,
Sabon shiga ne, ga Kwaku, fara ƙirgawa.

Alhaji Mai Atamfa, Kejetia

Yaya, kin kama ni dumu-dumu a gaban jama'a,
Zakkata sai Rajab shekararta ke cikawa.

Kafin nan ga sadaka: buta, darduma, yadi biyar,
Ya zo Kejetia gobe, tela na jiran aunawa.

Ɗan Alabar

Ni kuma zan zo gareji bayan La'asar,
Aya guda kullum, ba ƙari, Inna na dubawa.

Batun gemu na ajiye shi, tunda Masta ya ce har yanzu ko gashi ɗaya bai fito masa a haɓa ba.

Masta Garba, Suame Magazin

Allah ya saka da alheri. Ɗan Alabar, ka zo, amma ban da Talata, akwai tirela biyu da muka yi alkawarin sallama ranar. Ka sa tsofaffin kaya, benci ɗaya gare mu kuma duk mai ne. Alhaji, gobe sai bayan Azahar zai iso, kuma kuɗin mota zuwa da dawowa a kanka.