Wa ya taɓa kama Andromeda daga cikin Kano?

Daga Rijiyar Zaki: Salamu alaikum 'yan uwa. Dare uku ke nan ina hawa saman bene da ƙaramin madubin hangen nesa mai faɗin milimita 80, ina farautar gungun taurarin nan na Andromeda. Abin da kyamara ke ba ni wani ɗan tabo ne fari-fari, kamar an ɗiga koko a baƙin ƙyalle. Ni ne ban iya ba, ko samaniyar Kano ce?

Daga Hotoro: Wa alaikumus salam. Malam, ai ka ma kama ta. Tabon nan tsakiyarta ce, kuma hasken da ya shiga kyamararka ya yi shekara wajen miliyan 2.5 a hanya. Hoto ɗaya ba ya fito da gefunanta. Ni da Seestar S50 nake aiki, wata ƙaramar na'urar hangen nesa mai kyamara a jikinta, tana ɗaukar hotuna na daƙiƙa 10 bi da bi tana ɗora su kan juna. Sai da na tara na awa biyu kafin baƙin layin ƙurar da ke zagaye da ita ya bayyana. Tunda kyamara gare ka, ka ɗauki hotuna da yawa ka haɗa su a kwamfuta da manhajar Siril, kyauta ce.

Amma maganar gaskiya, lokaci ne ya ƙwace maka. Tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, wato Oktoba zuwa farkon Nuwamba, nan ne rabonmu. Sama a wanke take, Andromeda kuma tana can ƙoli ta wajen arewa da misalin goma na dare. Da hunturu ya kankama, ƙura ta sha hasken fitilun gari, sai sama ta koma ruwan ƙasa. Bara a Janairu ko Kaza da 'Ya'yanta da ƙyar na gani.

Daga Gwammaja: Ni tauraron arewa, wanda da shi ake saita na'ura don ta bi tafiyar taurari, shi ne ya wahalar da ni. Digiri 12 kacal yake sama da ƙasa a nan, tankin ruwan maƙwabcina ya tare shi ɗungurungum. Saitin bai daidaita ba, taurari suka fito dogaye kamar shinkafa.

Daga Kabuga, wata malamar makaranta: Ku dai ku riƙa sanar da mutanen unguwa. Maigidana ya kafa mana ƙafafun na'urar a ƙofar gida ƙarfe ɗayan dare, sai ga 'yan sintiri da tocila, wai me muke saitawa? Haskensu ya lalata mini hotuna kusan 20. Daga baya babbansu ya leƙa ya ga Zuhal da zobensa, ya ƙi tafiya.

Daga Rijiyar Zaki: Allah ya saka da alheri. Ashe ba a banza na sha cizon sauro ba. Ran da aka ɗauke wuta fa, akwai bambanci?

Daga Hotoro: Da can akwai. Yanzu fitilun sola sun cika layinmu, ba ruwansu da ɗauke wuta. Mu dai hanyar Tiga muke fita in wata ya yi duhu. In za ka bi mu, taho da rigar sanyi da batirin ajiya.