Tsohuwar Fijo 504 don tseren burji: ta ina zan fara?

Sadiku Kakuri: Salamu alaikum 'yan zaure. Kawuna ya bar mini 504 salun, haɗin Kaduna, injinta garau sai ɗan hayaƙi da safe. So nake in shirya ta in riƙa shiga tseren burji na sha'awa. Aljihuna ba nauyi. Wani makanike ya ce in fara da sauya kafireto in buɗe salansa. Me kuka gani?

Oga Walda: Wa alaikumus salam. Ƙara zai sayar maka, ba gudu ba. Kafin komai ɗauki sukudireba ka caki gindin ƙofofi da inda shokozobar gaba ke kamawa. In ta shige, tsatsa ta riga ka, nan aikinka zai soma. Sai keji, wato ƙarafan da ake haɗawa a cikin mota su kare direba in ta kife: bututu marar ɗinki, ba irin wanda muke ƙofar gida da shi ba. Duk inda ƙafar kejin za ta zauna a shimfiɗa faranti mai kauri, in ba haka ba ranar da mota ta kife bututun zai huda bodi ya wuce kamar allura a tsumma.

Anti Sitiyari: Ƙanena, ƙara da hular kwano ta gaske, da bel mai madauri huɗu ko fiye, da tukunyar kashe wuta inda hannunka zai kai kana ɗaure. Batir kuma a ɗaure shi da ƙarfe. Nawa igiyar roba aka sa masa, ya yi tsalle ya taɓa bonet, wayoyi suka narke a dajin da ko mai keke babu.

Sadiku Kakuri: Na gode Anti. Abokaina dai dariya suke, wai motar tasha zan kai tsere.

Malam Habu: Bar su. Irin wannan motar tashar ce ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, Ove Andersson na Suwidin ke tuƙi. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake ci da 504 mai ƙofa biyu da injin V6. Ba ƙarfin inji ya ba ta suna ba, ƙafafunta ne, suna da dogon zango na hawa da sauka, ramin da zai karya wata ita haɗiye shi take. Kuma tun 1965 Joginder Singh ya ci Safari da Volvo ta hannu, wadda ta riga ta sha tafiya kafin ya saya. Don haka in kuɗi sun ragu bayan keji, shokozoba masu kyau, guda huɗu, da biyu a ajiye.

Baba Agadas: Sadiku, ɗana, ka tuna mini da wani. Lokacin da tseren Paris-Dakar ke ratsa garinmu Agadas a watan Janairu ni yaron gareji ne. Sanyi, ƙura, gari ya cika da Turawa, ba mai barci. Wani dare aka turo mana mota lagireto na yoyo, mariƙinsa ya tsage saboda gargada. Direban dogo ne, furfura ta fara masa. Daga baya na ji ashe zakara ne a ƙasarsu, kofuna cike da ɗaki. Ni dai abin da na gani mutum ne ya zauna a ƙasa cikin baƙin mai yana haska mini tocila ina liƙi. Faransancina na kasuwa, nasa ma a karye, amma shayi uku muka sha tare kafin asuba.

Da na gama ya fito da ɗan gwangwanin fenti ja. Duk noti da ya ɗaure sai ya ja layi daga kansa zuwa jikin ƙarfe. In aka tsaya, kallo ɗaya, layin da ya goce shi ne notin da ya kwance. Har yau haka nake yi wa motocin da ke zuwa Bilma.

Shekara ta zagayo ya zo yana cigiyata da suna. Ya ɗauke ni muka fita bayan gari. A gargada na riƙe kujera ina salati, shi kuwa ƙara wuta ya yi, sai motar ta lafa kamar an shimfiɗa tabarma. A rairayi bai taɓa taka birki da ƙarfi ba, ɗaga ƙafa kawai yake, yashi ya tsayar da ita. Bayan rasuwar Thierry Sabine, wanda ya kafa tseren, a Mali a 1986 ya zo sau ɗaya, ba fara'a kamar da. Ya bar mini akwatin sifanoninsa. Wasiƙu biyu suka biyo baya, shi ke nan. Sifana lamba 13 ta ɓace, sauran suna nan.

Anti Sitiyari: Allah sarki, Baba. Allah ya bar zumunci.

Baba Agadas: Amin. Ka ji taya kuma: a yashi ka rage iska zuwa kilo ɗaya.

Sadiku Kakuri: Baba, kilo kuma? Mu nan mai faci talatin yake ce mana.

Malam Habu: Awon su na Nijar ne, kilo ɗaya kusan sha huɗu da rabi ke nan a namu. Amma da izinin Baba, wannan na hamadar Tenere ne. Burjinmu dutse ne, ka rage haka gefen taya zai yage, in mai tub ce bakin tub ɗin ya tsinke.

Baba Agadas: Gaskiyarka, Malam. Ni yashi na sani.

Oga Walda: Kada a manta farantin ƙarƙashin inji. A bar tazara tsakaninsa da kwanon baƙin mai, a cusa soso mai tauri, don tsakuwa in ta maƙale a wurin ita za ta fasa kwanon. Matatar iska sabuwa, a shafa giris a bakinta. Man birki a zubar da tsoho duka.

Sadiku Kakuri: Na sauka na gwada sukudireba yanzu. Ɓangaren direba ta shige har mariƙi.

Oga Walda: To, kawo ta Asabar da safe. Ka cire kujeru da kafet tun daga gida, tankin mai kuma mu sauke shi kafin in kunna wuta. Ka biya kasuwa ka sayo jan fentin Baba.