Hold a wayar ofis: riƙe, dakata, ko jingine?

Assalamu alaikum jama'a. Ana so a rubuta 'yar takarda da Hausa a manna kusa da wayar girke a wani ofis nan cikin Katsina, domin masinja da mai gadi da sabbin ma'aikata su san abin da kowane maɓalli yake yi. Lambobi ba su da matsala, kowa ya san su. Rigimar tana ga maɓallan gefe, waɗanda aka rubuta wa Hold da Mute da Transfer da Flash. Na jefa tambayar ga mutane, amsoshi sun zo, ga inda muka kwana.

Sunan wayar kanta an daɗe da gama shi. Da can waya ce kawai, ko tarho. Da salular GSM ta shigo a 2001 sai aka buƙaci bambancewa, bakin mutane ya raba su: wannan ta hannu, waccan ta girke. Ba wani kwamiti da ya zauna. A zamanin NITEL, kamfanin wayar gwamnati da aka kafa a 1985, lokacin da mai kiran Katsina daga Kano sai ya fara da 065, wayar gida galibi ba ta da wani abin dannawa da ya wuce lambobi, wata ma juyawa ake yi da yatsa. Shi ya sa ba mu gaji sunayen waɗannan maɓallai ba. Na yanzu kuwa, irin su Panasonic da Cisco da Yealink da ake gani a otal da banki da asibiti, gefensu cike yake da su.

Mu fara da aikin Hold, don wanda bai san aikin abu ba ba shi da hurumin raɗa masa suna. Kana cikin magana da mutum sai ka danna shi. Kiran bai katse ba, amma ba ka jin sa, shi ma ba ya jin ka. A yawancin ofisoshi kiɗa ake sa masa, ko wani ɗan ƙara mai maimaita kansa, don ya san layin bai mutu ba. A gabanka kuma wata 'yar fitila za ta riƙa ƙyaftawa. Kana iya mayar da kan wayar mazauninsa, ka tashi ka ɗauko fayil, ko ka amsa wani kiran a layi na biyu, ka dawo ka danna wurin da ke ƙyaftawa ku ɗora daga inda kuka tsaya. Duk wannan lokacin kiran yana zaune ne cikin na'urar da ke raba layukan ofis.

Wanda ya fara amsawa ya ce ai abin a fili yake: riƙe. Ban yarda ba. Ka ce wa masinja "riƙe wayar nan", zai ɗauki kan waya ya damƙe a hannu yana jiran ka, mai kiran kuma yana can yana jin duk hirar da ake yi a ɗakin. Alhali amfanin maɓallin shi ne hannunka ya huta. Kalmar da za ta sa mutum ya yi akasin abin da ake so, ko da ƙamus ya goyi bayanta, ba ta da wuri a jikin bango.

Sai masu cewa dakata, da masu cewa jira. Waɗannan biyun daidai ne, amma a bakinka suke, ba a yatsanka ba. Su ne abin da kake gaya wa mai kira: "Ɗan dakata, Alhaji, in duba." Shi ne mai jira, kai kuwa wani abu daban kake yi wa kiran nasa. In kuma aka ce a mayar da ita dakatar, to duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san nauyin wannan kalma. Takardar dakatarwa ake ba ma'aikacin da ya yi laifi. Sabon ma'aikaci ya ga "dakatar da kira" zai ɗauka kashewa ake nufi, ya ƙi taɓawa.

Amsar da ta zauna mini ta fito ne daga wata Hajiya da ta yi shekaru tana sakatariya kafin ta yi ritaya. Ta ce: "Ɗana, mi ya kai ku nesa? Ai jingine shi kake yi. In mai gida na cikin taro sai in jingine mutum, in leƙa, in dawo mashi." Na ce, Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin raba gardama.

Ku duba yadda muke amfani da ita. In ƙungiya ta jingine yajin aiki, kowa ya san ba a gama ba, an ajiye ne a gefe, ana iya komawa. In dattawa suka jingine magana sai bayan Sallah, maganar tana nan da ranta. Wani ya kawo ƙorafi cewa jingina ta gona ce da bashi, kada a kawo ta ofis. To ai ko can ɗin ma'anar ba ta sauya ba, abu ne da ka ajiye a hannun wani da niyyar komawa ka karɓa. Kuma kalmar tana juyuwa yadda ake so: jingine kiran, na jingine shi, yana jingine, ɗauko wanda ke jingine a layi na biyu. Riƙe ba ta iya wannan tafiyar ba tare da ta rikita mutum ba. Ni dai a wurina an gama, Hold shi ne jingine.

Mute kuwa dole a raba shi da jingine, don nan ne mutane ke jin kunya. Shi bakin wayar kaɗai yake kashewa. Kai kana jin mai kira sarai, shi ne ba ya jin ka, kuma ba kiɗan da za a sa masa, bai ma san ka danna komai ba. Amfaninsa in za ka yi tari, ko ka tambayi na kusa da kai wani abu, ko janareta ya tashi a bayan taga ana cikin taro ta waya. Kafin a yi maɓallin, tafin hannu ake sawa a toshe bakin wayar, kuma har yau akwai masu yi, duk da murya tana zurarewa ta tsakanin yatsu.

Saboda wannan tsohuwar al'adar wani ya ce a kira shi toshe baki. Dariya ta hana ni amsa masa da wuri. Malam, a ofis, a jikin bango, a rubuta "toshiyar baki: danna nan"? Sai mai binciken kuɗi ya zo ya tambayi nawa ake dannawa. Wasu sun ce shiru, amma shirun wa? Wasu sun ce kashe murya, sai dai wannan ya fi kama da rage ƙarar abin da kake ji, wanda maɓallinsa daban ne. Abin da ya rage shi ne rufe baki, da sharaɗin a rubuta shi cikakke: rufe bakin waya. In aka bar shi guntu, ranar da wani ya ɗaga murya ya ce wa abokin aikinsa "rufe baki!" sai an kai ga sulhu.

Yanzu Transfer, inda aka fi daɗewa ana ja. Taransifa ta riga ta shiga Hausa, har sau biyu ma: ta kuɗi a wurin mai POS, da ta ma'aikacin da aka ɗauke daga Katsina aka kai Funtuwa. Ba ta da sauran wurin ɗaukar kaya na uku. Tura ma haka, kati da kuɗi da saƙo sun cinye ta. Saura biyu: haɗa da miƙa.

Masu haɗa suna da hujja mai ƙarfi, domin abin da ake faɗa ke nan tun zamanin afareto, wato ma'aikacin da ke haɗa kira da hannu: "Bari in haɗa ka da shi." Ban ce a daina faɗa ba. Amma akwai wani maɓallin, wanda aka rubuta wa Conference, da ke sa mutum uku ko fiye su yi magana lokaci guda, kai ma kana ciki. Wannan shi ne haɗawa ta gaskiya. A Transfer kuwa kana ba da kiran ne ka fita, layinka ya koma fanko. Wanda ya ba da abu ya janye hannu, miƙawa ya yi. Don haka a rubuce: miƙa kira ga wannan, haɗa kira ga wancan. Na san akwai wanda har yanzu bai gamsu ba, yana cewa bakin mutane ya fi takarda. Ba zan ce ya yi kuskure ba, sai dai maɓallai biyu ne, ba za su ɗauki suna ɗaya ba.

Miƙawar ma iri biyu ce, kuma a nan wani malami daga Daura ya kawo abin da ya fi komai burge ni. A ta farko kana danna maɓallin, ka buga lambar mutumin, ka ajiye. Ko yana nan ko ba ya nan, ko yana son magana ko ba ya so, kiran ya faɗa masa. A ta biyu kana dannawa, ka buga lambar, ka jira ya ɗauka, ka ce: "Ranka ya daɗe, wani Alhaji ne daga Jibiya a kan maganar takardun nan, in ba shi?" In ya ce to, ka sake danna maɓallin ko ka ajiye kan wayar, gwargwadon irin wayar. In ya ce ba yanzu ba, ka koma wa Alhaji ka ba shi haƙuri. Duk tsawon wannan tambayar Alhaji yana jingine, bai ji ko kalma ɗaya ba. Kun ga yadda kalmar ɗazu ta shigo da kanta.

Malamin ya ce wannan ai iso ne. A fadar Daura, ko a Ƙofar Soro nan Katsina, baƙo ba ya kutsa kai gaban sarki, sai an shiga an faɗi ko wane ne da abin da ke tafe da shi, a dawo a ce ya shigo. Saboda haka: miƙa da iso, da miƙa ba iso. Turancin abin ma bai kai wannan bayyana ba. Kuma sunan da kansa yana koyar da ladabin, domin ba sai an yi wa Bakatsine dogon bayani ba kafin ya gane cewa ba a miƙa wa babba kira ba iso. Tsakanin abokan aiki kuwa, ko in mai kira sashen kuɗi kawai yake nema, ba iso ya fi sauri.

Sauran ba su ba da wahala ba. Lambar nan mai alƙaluma uku ko huɗu da kowane tebur yake da ita, lambar ciki. Wanda zai kira gari sai ya nemi layin waje, a wayoyi da yawa ta hanyar fara danna 9, a wasu 0. Redial, sake kira. Speaker an so a ce amsa-kuwwa, amma ita ta masallaci ce da motar talla, mutane kuma sun riga sun ce sifika, a bar musu. Abin da zan ƙara kawai, in ka sa mutum a sifika ka gaya masa, kada ya saki baki yana zaton ku biyu ne. Forward, wanda kake saitawa tun kafin kira ya zo don duk mai nemanka ya faɗa wani teburin ko wayar hannunka, juya kira ya wadatar.

Voicemail na so in ɗan tsaya a kai. An ce akwatin saƙon murya, kuma ba laifi, sai dai saƙon murya yanzu na WhatsApp ne a kunnen kowa. Muna da sallahu, wato abin da ka bar wa wani ya isar in ba ka tarar da mai gida ba. "Ba ya nan, ko za ka bar sallahu?" Haka ake cewa a ƙofar gida, haka kuma na'urar take cewa da Turanci. Akwatin sallahu. Yara na iya cewa tsohuwar Hausa ce, amma ba ta mutu ba, kuma ba ta da kishiya a wannan wurin.

Wanda ya gagara shi ne Flash. Tun zuwan salula, filashin a Hausa abu ɗaya ne: ka kira ka katse don a kira ka. Duk wanda ya ga Flash a wayar ofis abin da zai zo masa ke nan, kuma ba shi ba ne ko kusa. Wannan maɓallin yana yanke layin ne na ɗan lokacin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, don na'urar raba layuka ta gane kana son wani abu, ko miƙa kira ko ɗaukar na biyu da ke jira. A wasu wayoyin harafin R kawai aka rubuta masa. Masu tsohuwar waya da yatsa suke yi, su ɗan buga abin nan da kan waya ke zama a kai su saki da sauri, in hannu ya yi nauyi kiran ya tafi gaba ɗaya. Don a huta da wannan cacar aka yi maɓallin.

An kawo ƙyafta layi, saboda gajartar lokacin. An kawo zunguri layi, saboda abin da ake yi ke nan, ana taɓa na'urar ta waiwayo. Na fi karkata ga zungura, don ƙyaftawa mun riga mun ba fitilar jingine, kuma in aka ce wa sabon ma'aikaci "ƙyafta" zai tsaya yana kallon fitila ne maimakon ya danna. Amma Hajiya ta ce zungura ba ta yi mata daɗin ji a ofis ba, kamar ana tsokanar kare. In akwai wanda ya zauna a ɗakin haɗa waya zamanin P&T (tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tarho) ko NITEL, Baba, a taimaka mana: in mai kira ya ɗan bubbuga don ya jawo hankalinku, me kuke cewa ya yi?